Ƙaramar Rautar Baba Bukar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan koko da safen nan aka kira ni daga Roni: Baba Bukar Kafinta ya rasu a gidan 'yarsa Falmata. Kokon yana nan inda na ajiye shi.

Duk wanda ya taso a Kazaure, ko bai san fuskarsa ba, ya san ƙarar injinsa.

Shi Babarbare, ni Bafulatani, kun san sauran. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka sai na durƙusa na gaishe shi tukuna, ina miƙewa a fara. "Bawana ya iso," zai ce. "Yau kuma me ka karanto mana wanda ba zai amfani kowa ba?"

A shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa ya bi wani kamfani mai gina gidajen ma'aikata. Can ya koyi haɗa kantar kicin, doguwar nan da ake manna wa fomika a huda mata gurbin wanke-wanke. Da kamfanin ya tattara, ya dawo gida da rauta, injin da ake gyara bakin katako da shi, ya tarar iyayenmu mata suna nan kan murhunsu na duwatsu uku. Haka ya yi ta buga ƙofofi da bencina yana jiran mu waye.

Ranar da mahaifina ya rasu, kafin mu tuna da wurin zaman baƙi, bencinansa sun riga mu ƙofar gida.

Teburan ajin da nake koyarwa kuwa, da ya ji suna yaga wa yara riguna, ya zo ranar hutu ya goge bakinsu duka. Ya ce ba don ni ba, don kada 'ya'yan mutane su yi kama da malaminsu.

Wa'azinsa a kan aiki ɗaya ne, mun haddace. Katakon kanta kauri gare shi, sai babbar rauta mai kaurin haƙori. Ƙarama rawa take yi, ta ƙona katako, haƙorin ya karye. A ɗaure jagora, katakon da rauta ke bi, da ƙarfen matsi, a ci kaɗan-kaɗan, ban da haɗama. "Ƙaramar nan," in ji shi, "ta masu firam ɗin hoto ce."

Bana na cika wa Maman Hafsat, uwargidana, tsohon alkawarin gyaran kicin. Baba ya zo, ya yanka, ya haɗa kusurwa yadda ko allura ba za ta shiga ba. Saura gyaran bakin kantar na gaba kawai, sai ya kashe inji ya zauna a kan bokiti.

"Ɗan Fulani, in ka shiga Kano ka duba mini ƙaramar rauta. Mara nauyi."

Na yi kabbara. "Baba, ta masu firam? Yau Barno ta miƙa wuya!"

Ya yi murmushi. "Wannan ɗin ta fara yi mini nauyi."

"Ƙarfin Barebari ke nan. Ka zo ruga mu ba ka nono."

"Kai dai ka duba," ya ce. Ya naɗe wayar injin a hankali.

Da yamma Maman Hafsat ta ce mini, "Malam, ba ka lura da hannu ɗaya ya ɗaure matsi ba? Na hagun a cinya yake ajiye shi." Na ce ba ta san wayon mutanen nan ba ne. Na fita majalisa na ba da labarin tuban Baba, aka yi ta dariya. Na iya ba da labari, kun sani.

Yau a waya Falmata take gaya mini hannun ya jima yana mutuwa, ƙirjinsa ma yana damunsa, ya hana a faɗa wa kowa don kada aiki ya guje shi. Da ta matsa masa a je asibiti, sai ya ce ta kwantar da hankalinta, ya ɗan gaya wa bawansa, shi ne mai mota, shi ya san likitoci a Kano.

Ni ne bawan.

Mutumin da ya yi shekaru yana zagin ƙaramar rauta ya buɗe baki ya nemi ɗaya. Tsakanina da shi ba mu taɓa yin maganar da ba wasa a ciki ba, ta nan kaɗai zai iya shigo da maganar ciwonsa. Ya shigo da ita, na mayar masa da nono.

Kuma na sayo rautar. Don tsokana na saya, har na sa aka naɗe ta da takardar kyautar biki. Tana cikin but ɗin motar da zan hau zuwa Roni yanzu, ban san yadda zan dubi Falmata ba.

Bakin kantar yana nan da kaushinsa, yana kama zani. Na ce zan nemo wani ya ƙarasa. Maman Hafsat ta ce a bar shi haka.

Allah Ya jiƙan Baba Bukar, Ya yafe masa, Ya sauƙaƙa masa kwanciya, Ya ba Falmata da 'yan'uwanta haƙuri. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a, don Allah. In kuma akwai dattijon da kuke wasa da shi, ku dubi hannunsa kafin ku yi dariya.