Sifirin Jif da Ƙugun Inna

Kafin a ba mu 'yancin kai ni direba ne a Azare. Ina tuƙa wa wani Alhaji mai sayen gyaɗa tsohuwar jif ta soja da ya samo a gwanjo. Ƙafafunta huɗu duk suna ja, yashi ba ya riƙe ta, amma zama a bayanta horo ne. In babu kaya, tsalle take kamar ɗan akuya.

Wata damina Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Maɗorin da danginmu suka yarda da shi yana Udubo, ya tsufa har ya daina fita. Alhaji ya ba ni motar ba musu. Hanya ce ta tsaya mini a rai, don in aka jijjiga Inna yadda ake jijjiga buhun gyaɗa, ƙashin zai ƙara gocewa, ƙila ba za ta sake taka ƙasa ba.

Na kai motar wurin wani tsohon maƙeri a bayan kasuwa, muka kwanta ƙarƙashinta. Sifirin ɗin baya fallayen ƙarfe ne, an jera ɗaya kan ɗaya an ɗaure.

Na ce, "Baba, in mun rage fallayen ai za ta yi laushi."

Ya ce, "Za ta yi. Ko kuma ta zauna."

Muka rage. Ramin farko da na faɗa, gangar jikin ta daki aksul, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, sai da haƙorana suka haɗu. Muka mayar da falle ɗaya, ta karkace hagu. Baba ya sa wani fallen a wuta ya ƙara masa lanƙwasa, sai baya ya ɗaga, gaba ya duƙa. Ni mutum ne mai saurin fushi, na yi jifa da sifana, Baba ko kallona bai yi ba. Ya ce in ɗora buhunan yashi a baya. Nan kaina ya ɗaure tamau. Sauƙi nake nema, shi yana cewa in ƙara nauyi, kuma abin haushi, da na ɗora ɗin tsallen ya ragu.

Na kwantar da ƙanwata a kan katifa a baya don gwaji. Ta ce ya yi daɗi, da muka juyo ta ce ya fi na da muni, alhali ban taɓa komai ba.

Mutum ɗaya ce za ta iya faɗa mini gaskiya, wato mai ciwon. Ni kuwa ɗan farinta ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, balle ta yi raki a gabana. Haka muka kama hanya da sassafe, ƙanwata na riƙe da kanta.

Kowane rami sai in ce wa ƙanwata, "Tambayi Inna, in tsaya?"

"Ta ce a tafi."

Na tsaya na matsar da buhunan gaba, na tambaya, aka ce a tafi. Can na mayar da su baya, na rage iskar taya, aka ce a tafi. Ban san ko gyara nake ko ɓatawa ba. Tsoro ya kama ni, ina tuƙi ina kasa kunne, ko nishi ban ji ba.

A Udubo, da muka zo ɗaga ta, sai na ga gefen mayafinta a bakinta, ta tauna shi har ya huje, leɓenta da jini. Ta kau da kai ta ce wa ƙanwata, "Ki faɗa wa wancan, motar ta yi taushi."

Ɗori ya kama. Ta yi shekaru tana tafiya, amma da ɗingishi. Har ta rasu ban san ko rijiyar ce ta bar mata shi ko ni ba, ita kuwa ba mai faɗa mini ba ce.