Littafin Kakanmu a Gindin Ɗorawa

A da, a gidanmu na Ƙaraye, mutum kan san labarin Fir'aunonin Masar tun kafin ya san hanyar kasuwar Rogo. Yanzu kuwa jikokin gidan kowa da wayarsa a hannu, wadda za ta nuna masa dalar Masar ɗin da girmanta da launinta, amma ka tambaye su wa ya gina zauren da suke zaune a ciki, sai su dubi juna. Ban cika ganin laifinsu ba. Abin da ya koya mana, su ba su tarar da shi ba, kuma ina cikin waɗanda suka jawo haka.

Littafi ne guda. Kakanmu na wajen uba ya je hajji a ƙafa, ya yi shekaru a hanya, yana yada zango a gari ya yi ɗinki har ya sami guzuri, sannan ya ƙara gaba. Duk inda ya tarar da malami mai littafin tarihi sai ya roƙi aro, ya kwafi abin da ya samu dama. Ya dawo da takardu falle-falle, ba ɗinki, a naɗe cikin bangon fata, shi kuma bangon a cikin gafaka. Larabci ne da baƙar tawada, sunayen sarakuna da ja. A gefen shafuka kuma ya yi nasa sharhin da ajami, ƙanana ƙanana kamar sawun tururuwa.

Ranar Juma'a bayan la'asar mahaifinmu kan sauko da gafakar daga inda take rataye a soronsa, ya zauna a zaure, ni da yayana mu zauna gabansa. Ya karanta Larabcin, ya fassara. Nan na fara jin Rumawa da hanyoyinsu na dutse, da Farisa masu bautar wuta, da sarkin Mali da ya je hajji ya yi ta rabon zinariya a Masar har darajarta ta faɗi, da yadda mutane 'yan kaɗan masu bindiga suka keto Sahara suka rushe daular Songhai, da sarkin Borno da ya nemo masu harbi daga wajen Turkawa. Yayana ba ruwansa. Da an kai sarki na uku sai ya fara gyangyaɗi. Ni kuwa sharhin gefe nake jira, don nan kakanmu yake magana da bakinsa. A gefen labarin sarkin Mali ya ce shi ma ya bi ta Masar ɗin, bai sami wanda ya ba shi ruwan sha don albarkacin waccan zinariyar ba. Mahaifinmu kan yi dariya duk sanda ya zo wurin, kamar bai taɓa karantawa ba.

Littafin nan ne ya fitar da ni daga gida. Na fara da yi wa masu sayen fatu tafinta, daga baya na koma rakiyar alhazai, na ƙara Faransanci a kan Larabcina da Turancina, na tsinci Turkanci na cin abinci da ciniki. Na tsaya gindin dala, na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Na taka hanyar Rumawa a Arewacin Afirka, na ga sawun ƙafar kekunansu a jikin dutse. Na zaga ganuwar Istanbul, na yi salla a Timbuktu. Ko'ina na je sai in ce a raina, ai kakana ya faɗa. Duk shekara biyu ko uku nakan zo gida, in leƙa soron mahaifinmu, wanda bayan rasuwarsa aka kulle aka mayar wurin ajiye buhuna, in ga gafakar tana nan a rataye, in ce zuwa na gaba zan zauna in kwafe shi. Na faɗi haka sama da shekara arba'in.

A birnin Fas na ƙasar Maroko ne abin ya soke ni. Na shiga wani ɗakin ajiye littattafai, na tarar da wani dattijo yana juya shafi da tafin hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Ɗakin da sanyinsa, ba a barin rana ta shiga. Na leƙa shafin, sai na ga irin rubutun ƙasarmu, mai kauri, mai tsayuwa, irin na kakana sak. Baki ya kufce mini, na ce masa ai muna da irinsa a gida, har ya fi wannan yawa. Ya ajiye shafin, ya dube ni, ya ce, "Wa yake kula da shi?"

Na ce, "Allah."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu ma Shi ne. Amma Ya ba mu hannu."

Bayan wannan ma sai da na ƙara shekara huɗu kafin in dawo gida gaba ɗaya, da ciwon gwiwa da ido mai hazo. Na sayi waya mai ɗaukar hoto da kyau musamman don littafin. Washegarin isowata, da hantsi, bayan an gama gaishe-gaishe da masu zuwa sannu da zuwa, na nufi soron. Babu soro. Ɗakin bulo ne a wurin, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe.

Na sami Yaya a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na sake gaishe shi, na tambayi ƙafarsa, ya tambayi gajiyar hanya, sannan na ce, "Yaya, ina aka mayar da gafakar Baba?"

"Wace?"

"Ta littafin Kaka."

"Au. Ai na yi mata sutura."

Ban gane ba, sai da ya yi mini bayani. Damina uku da suka wuce, azarar soron ta karye, ruwa ya zubo. Da aka zo kwashe kaya aka tarar ruwa ya jiƙa gafakar, gara kuma ta riga ta shiga gefe ɗaya. Takardu suka fara zubowa, iska ta kwashi wasu zuwa tsakar gida, har ya ga akuya tana taunar guda. Mu kuwa a wajenmu takarda mai rubutun Larabci ba a barinta a ƙasa, don ba a rasa sunan Allah a cikinta. In ta tsufa ta lalace, ko a ƙone ta, ko a binne a wuri mai tsarki da ba a takawa. Yaya ya ce zuciyarsa ba ta ba shi ya sa wa rubutun kakansa wuta ba. Sai ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin gafakar, ya naɗe da sabon farin ƙyalle, ya hau mota har gonarmu ta gado da ke wajen Zoza, ya haƙa rami a gindin ɗorawa ya binne.

Yana faɗa yana kallona, yana jiran in ce Allah Ya saka da alheri.

Na ce, "Yaya, ba Alƙur'ani ba ne fa. Tarihi ne."

"Babu bisimilla a farkonsa?"

"Akwai."

"To."

"Da ka shanya su. Da ka sa a kira ni. A wasu ƙasashen ko falle ɗaya na irin wannan..."

"Ahaf, an fara," ya ce, ya ture kwanon gyaɗar. "A wasu ƙasashen. Malam tafinta, ka gama zaga kaburburan kakannin mutane, ka dawo za ka koya mini riƙon na gida. Sau nawa ka shigo soron nan? Sau nawa ka sauko da ita ka kaɗe mata ƙura? Leƙe kake yi kamar mai duba marar lafiyar da ba nasa ba. Ni da kake gani ban san Rumawa ba, ban san ko su waye iyayensu ba, amma ban bar akuya ta ci sunan Allah ba."

Sai na ce mu je a tono.

Ya ce, "Tono abin da aka binne? Kai dai Masar ta ɓata ka. Can ne ake tone matattu a sa a gilashi a karɓi kuɗin kallo."

Amma ya yarda. Ina jin don ya ga idona ne.

Muka tafi da safe, kwana biyu bayan haka. An riga an girbe dawa, gonar sai kara. Yaya ya tafi kai tsaye gindin ɗorawar, ya nuna wani dutse da ya aza alama. Ya hana a kira kowa, ya ce aikin na 'ya'yan gida ne. Tsofaffi biyu, ɗaya da diga ɗaya da fartanya, muna haƙa muna hutawa. Ramin ya yi zurfi fiye da yadda na zata. Ya ce da gangan ya zurfafa, kada garmar shanu ta kai gare shi. Ko a nan ma ya yi aikinsa da kyau, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Wajen azahar fartanyata ta taɓa wani abu mai taushi. Na ajiye ta na sa hannu. Ƙyallen ya zama zare-zare, launin ƙasa. Fatar gafakar tana nan, ta yi baƙi ta ƙandare, saiwar ɗorawa ta ratsa ta ta fito ta ɗaya gefen. Na buɗe a hankali, da tafin hannu biyu, yadda na ga dattijon Fas yana yi. Abin da ke ciki dunƙule ne guda, baƙi, mai sanyi, kamar curin daddawa. Tawadarmu ta gargajiya ba ta jure ruwa. Baƙar da jar duk sun narke sun haɗe. Na gwada ɓantarar gefe, ya marmashe a yatsuna, gara suka watse.

Na daɗe ina bi falle-falle, inda akwai fallen da za a bi. A tsakiyar dunƙulen na sami wani yanki da bai kai tafin hannu ba, da sauran layi ɗaya da ake iya gani. Irin layin nan ne da ke rufe labarin kowane sarki, inda ake cewa ya yi mulki shekara kaza sannan ya mutu. Sunan sarkin ya tafi, adadin shekarun ya tafi. Ban san ko na Rum ba ne, ko na Farisa, ko na Songhai. Na juya shi ina neman ajamin kakana a gefe. Gefen ne gara ta fara ci.

Na ciro wayar, na riƙe ta a kan yankin, sai na mayar aljihu ban ɗauka ba.

Yaya yana zaune a kan dutsen alamar, yana numfashi da ƙyar. Can ya ce, "Ai kai ka haddace shi. Kullum kai ne mai buɗe baki kana saurare. Ka zauna ka rubuta."

Na gwada, bayan mun dawo. Labarin sarakunan ba wuya, yana cikin littattafan duniya, an ma rubuta shi fiye da yadda kakana ya kwafo. Amma sharhin gefe, maganarsa shi da ya taka ƙasashen nan da ƙafarsa ya faɗi abin da ya gani, guda uku kawai na iya tunawa, kuma ko su ban tabbata ban gauraya da nawa bakin ba. Na tambayi Yaya ko ya tuna wani. Ya ce shi abin da ya tuna daga karatun Juma'a shi ne sanyin daɓen zaure.

Ranar da muka tono, kafin mu bar gonar, shi ya tambaye ni yadda za a yi da abin da ke hannuna. Na duba dunƙulen. Ko yanzu ba a rasa sunan Allah a cikinsa. Na cire rawanina na naɗe shi, har da ɗan yankin, na mayar cikin ramin da hannuna. Yaya ya tura ƙasa, na tura. Muka aza dutsen.

Muna gaisawa da Yaya kullum safe, kamar yadda aka saba, ba mu sake ta da zancen ba. Gidanmu dai ba shi da littafi yanzu, kuma daga mu biyu babu sauran wanda ya taɓa jin abin da kakanmu ya ce.