Kukar Baƙuwa a Gonar Aro

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Yuli, da hantsi, wajen ƙarfe goma, a wata gona da ke yamma da ƙauyen su mahaifiyata, cikin karkarar Dogarawa. A wurin akwai kawuna, wanda ke noman gonar, da mai gonar, wani dattijo sa'ansa, da maigari, da malamin gona. Akwai kuma wata Baturiya da ta zo daga babban ofishin gidauniyar kare muhalli mai ɗaukar nauyin aikin, wanda mu dai proje muke ce masa. Sai ni, da na zo daga gidan rediyonmu na Konni da rakoda, aka roƙe ni in yi tafinta.

Gonar ta aro ce. Mahaifin dattijon ne ya ara wa kakana ita tun ba a haifi mahaifiyata ba. Kowace kaka Kawu yakan ɗora damin gero guda a amalanke ya kai gidan mai gonar. Ba haya ba ce, tuni ne cewa gonar tana da mai ita. Ƙa'ida ta biyu kowa ya san ta a yankinmu: mai aro ba ya dasa itace. Abin da ya tsiro da kansa yana iya renonsa, ba mai cewa uffan. Amma wanda ya gina rami ya sa dashe, ya nuna ke nan ƙasar tasa ce.

Aikin gidauniyar bai taɓa karo da wannan ƙa'ida ba, domin sassaben zamani ta kawo. Maimakon a share duk tohon da ke fitowa daga kututture kafin shuka, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Kawu ya riƙe abin fiye da kowa. Cikin 'yan shekaru gonar da iska ke kwashe wa ƙasa ta cika da gawo da kalgo da sabara. Matarsa ta daina tafiya nesa neman itacen girki, geron gindin gawo kuma ya fi na ko'ina tsawon zangarniya. Mai gonar, wanda kaciyarsu ɗaya da Kawu, ya sa masa suna sarkin gawo.

Saboda haka ne aka kawo baƙuwar gonarsa. Ta zagaya, ta shafa jikin itatuwa, ta yi tambayoyi masu ma'ana. Ta ce suna irin wannan aiki a Sanagal da Habasha har da Indiya, kuma duk ƙasar da ta je takan dasa itace guda a gonar manomin da ya fi ƙwazo. Na fassara. Kafin in rufe baki direba ya fito da dashen kuka daga bayan mota.

Maigari ya duƙar da kai yana gyaran takalmi. Malamin gona baƙo ne a yankin, bai san gonar ta aro ba ce. Ba a mayar wa baƙo kyauta a gaban jama'a, balle wanda ya tsallako teku. Ba wanda ya faɗi abin da kowa ke tunani, don haka ba a fassara shi ba. Kawu ya dubi abokinsa mai gonar, abokin ya dubi gabas. Sai Kawu ya ɗauki kwasa ya gina ramin. Ita ta riƙe dashen, shi ya tura ƙasa, aka ɗauki hoto. Ta roƙe shi ya kula da itacen, ya ce ya yi alkawari.

Bayan mako biyu na koma ƙauyen gai da mahaifiyata, na tarar da Kawu da abokin nasa a gonar. Kawu ya kewaye dashen da ƙayar magarya.

"Sarkin gawo," in ji mai gonar, "yanzu kuma sarautar kuka aka naɗa ka?"

"Kai dai hassada za ta kashe ka. Ba a ɗauke ka hoto ba shi ya sa."

"Wa zai ɓata hoto da wannan hancin naka in ba baƙo ba?" Suka yi dariya. Sannan mai gonar ya rage murya. "Ni da kai ba komi. Amma ɗiyana sun hana ni sakat. Kuka ba ta mutuwa da wuri. Bayan ranmu jikokinka za su tsaya gaban alƙali su ce kakansu ya dasa, ga hoto."

"Mi kake so in yi? Gaban jama'a na ɗauki alkawari."

"Ban ce ka tuge ba. Ɗaga ƙayar nan yini guda, awaki su raba mu. Ba mai laifi."

Kawu ya yi murmushi, ya ce zai duba. Washegari ya ƙara ƙaya.

Mahaifiyata ta same shi a gida, ina zaune. Ta ce, "Yaya, ka cire ta da ƙasarta ka kawo tsakar gida mana. Kuka ce, ko'ina za ta kama." Ya ce malamin gona na zuwa lokaci-lokaci yana ɗaukar hotonta a inda take, yana aika wa Baturiyar. Na ce, "Kawu, bari in yi wa malamin bayani, ba zai ƙi fahimta ba." Ya hana ni. Ya ce ba zai sa a je a gaya wa mutanen wata ƙasa cewa manomin da suka yaba ba shi da ko taƙin ƙasa nasa ba. Na daɗe ina juya wannan magana. A ganina ita ce ainihin dalilin, fiye da alkawarin. Ya kuma yi zaton abotar shekaru za ta iya ɗaukar itace guda.

Damina ta yi kyau a shekarar. Da aka gama ɗauri, Kawu ya zaɓi dami mafi girma ya kai gidan abokinsa kamar kullum. Suka gaisa, suka sha hura, suka yi tsiyarsu. Da la'asar babban ɗan mai gonar ya kawo damin a bayan babur, ya jingine shi a ƙofar gidan Kawu, ya durƙusa ya ce Baba ya ce an gode, bana a bar shi. Ba wanda ya buƙaci ƙarin bayani: an karɓe gonar ke nan. Maigari ya sa baki, liman ma ya je, aka ce musu 'ya'ya sun girma, suna buƙatar wurin noma. Kawu bai kai ƙara ko'ina ba. Da mai gonar ya kwanta ciwo a bazara, shi ya fara zuwa dubiya.

Har yau ina da muryar baƙuwar a rakodata, tana cewa itacen zai amfani jikokin Kawu. Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma aikinsu ya gyara gonaki da yawa daga Malbaza har Illela. Ban sani ba ko labarin ya taɓa kai mata. Mun watsa shirin a ranar Asabar ta makon da ta zo, masu saurare suka yi ta bugo waya suna yaba wa Kawu.

Damina ta gaba babban ɗan dattijon ne ya shuka gonar. Bai sare ko gawo ɗaya ba, kukar ma ya bar ta, yanzu ta wuce tsayin mutum. Kawu yana aikin albasa a garkar wani a Galmi.