Kyamarar Sanatu Mai Baƙin Jiki

A unguwar Maamobi ba wanda bai san Sanatu mai hoto ba. Ita ake kira biki, domin ita ce ke iya shiga ɗakin amarya inda namiji ba ya leƙawa. Kyamara biyu take ratayawa, baƙa da fara.

A shekarar da kaya suka ɓace a kasuwa, fim ma ya yi wuya, ko a babbar kasuwar Makola sai da sanayya. Sai Sanatu ta fito da dabara: fim yana cikin baƙar, farar kuwa fanko ce, walƙiya kawai take yi. Duk wadda ta matsa mata, sai ta haska ta da farar, a rabu lafiya.

Na dawo hutu daga jami'ar Legon aka yi bikin Husseina, maƙwabciyarmu. Ina zaune a lungun ɗakin na ji Sanatu ta raɗa wa uwar amarya cewa saura hoto ɗaya. Ta ajiye shi ne domin kakar Husseina, wadda ta zo daga Dosso da ƙyar, kuma kowa ya san ba za ta sake wannan tafiyar ba.

Ana cikin zaunar da tsohuwar sai ga Hajiya Mulikatu, shugabar matan unguwa, wadda bikin unguwannin Nima da Maamobi duk ta hannunta Sanatu ke samunsa. Ta tsaya a tsakar ɗaki ta gyara gwaggwaro.

Sanatu ta ɗaga farar.

"A'a, ƙawata," in ji Hajiya. "Wannan ta ɗauke ni a bikin Gafaru, har yau ana wankin hoton. Da baƙar nake so."

Mata suka yi dariya.

"Hajiya, ki bari Kaka ta..."

"Kaka ba gudu za ta yi ba. Ni nake da baƙi a waje."

Sanatu ta sauke farar, ta ɗaga baƙar. A waje direba yana ta danna hon, an zo ɗaukar amarya. Husseina ta durƙusa, ta kifa kai a cinyar kakarta, tsohuwar tana laluben fuskarta.

"To, Hajiya, matso ki riƙe mata mayafi," in ji Sanatu.

Hajiya ta miƙa hannu, ba ta kai ga juyowa ba walƙiya ta tashi.

Da hoton ya fito, ga Husseina, ga Kaka, ga hannun Hajiya da awarwaronta, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa.

Daga nan kiran biki ya ɗauke. Sanatu ta koma shataletalen Circle tana ɗaukar hoton fasfo a gindin bango. Kakar ta rasu kafin azumi.

Na taɓa iske Sanatu a can, na gaishe ta a hankali. Tana goge gilashin baƙar ta ce, "In kin shiga gidan biki, fara tambaya waye ba zai zo biki na gaba ba." Sannan ta kira mai bin layi.