Ƙarshen Labarin da Na Bi Har Gombe

Muna idar da sallar asuba muka bar Bauchi, ni da Inna, ƙanwar mahaifiyata, a sabuwar fijo mai ƙamshin leda. Kwalta shimfiɗe fes, direba har da tuƙi da hannu ɗaya. Inna ta ɗauka ziyara ce kawai. Ban gaya mata na faɗi jarrabawar ungozoma ba, kuma ina shirin barin makarantar.

Littafi ne ya kai ni. Muna 'yan mata a makarantar kwana, littafin labari ɗaya tal ne a ɗakinmu, sai muka farke shi kashi-kashi don kowa ta samu. Kashin ƙarshe yana hannun wata ƙawata 'yar Tangale aka yi hutu, bai sake dawowa ba. Da baki ta ba mu ƙarshen: yarinyar labarin ta jure wahala har ta zama ungozoma a asibiti. Saboda yarinyar nan na zaɓi aikin. Yanzu da gwiwata ta yi sanyi, ina son in karanta da idona.

Gombe ta burge ni matuƙa. Manyan motoci shaƙe da auduga, ko'ina ana gini, ga tumatirin Kwadon jawur a bakin tasha. Mai fura har yau "sule" take cewa, zuwan naira bai dame ta ba. Nononta kuwa, sai da Inna ta lashe ludayi.

A unguwar Jekadafari muka sami ƙawata, tana koyarwa a firamare. Da Inna ta tashi alwala, na faɗa mata halin da nake ciki. Ta ɗauko takardun daga adaka, na karanta a tsaye. Ashe yarinyar ƙauye ta koma, ko ƙofar asibiti ba ta taka ba.

"Ke, ƙarya kika yi mana!" na ce.

"Ƙarshen ne bai yi mini ba, na gyara," in ji ta tana dariya. "Ita a takarda take, ba yadda za ta yi. Ke fa?"

A hanyar komawa na yi ta cika ina batsewa har Alkaleri, daga nan sai ƙaunarta ta rufe ni. Na gane littafin ya ɗora ni a hanya, amma ƙawata ce ta hana hanyar yankewa, tun muna yara.

Da muka iso gida na faɗa wa Inna gaskiya. Sai ta tambaye ni yaushe za a sake jarrabawar.