Yadda Na Sallami Inna Ban Sani Ba

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin man fetur ya fara ratso ƙauyuka har kana ganin rediyo a kafaɗar makiyayi, ina koyarwa a makarantar firamare a Safana. Maigidana malamin gona ne, kullum yana bisa babur tsakanin Tsaskiya da ƙauyukan gefenta. 'Yarmu ta fari ba ta daɗe da yaye ba. Mai rainonta wata dattijuwa ce Bafulatana daga wajen Ruma, mahaifiyata ce ta haɗa mu a Batsari bayan mijin dattijuwar ya rasu. Inna muke ce mata.

Inna ba ta yarda a ce albashi take karɓa ba. In wata ya ƙare sai in saka kuɗin ƙarƙashin faifai a ɗakinta, ta yi kamar ba ta gani ba, ni ma in yi kamar ban ajiye ba. Yarinyar kuwa ba ta shan fura sai wadda Inna ta dama, ba ta barci sai a bayanta. Wallahi har kishi nake yi, ni da na sha naƙuda.

Duk kaka muna zama da maigida mu yanke abin da za a ƙara mata. A shekarar nan gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙari har da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya, ni kuwa kaina ya ɗau zafi.

Na ce, "Malam, bana fa ƙarin Inna ba irin na bara ba ne."

Ya ce, "Na yarda. Ki ƙara yadda ranki ya so, amma ki saka ƙarƙashin faifai yadda kika saba."

"Haba Malam, sai ka ce kuɗin sata? Bana a fili zan yi, ta san mun san darajarta."

Ya yi murmushi ya ce, "To, malama ta faɗa."

Ranar kasuwar Batsari na sayo turmin atamfa, da kwalla mai murfi, da takalmin roba sabo fil. Na jera su a kwallar, na ɗora kuɗin a sama. Bayan la'asar na same ta a tsakar gida tana tsefe wa yarinya kai. Na durƙusa, na gyara murya kamar mai jawabin rufe makaranta.

"Inna, shekara ta zagayo. Kin yi mana wahala, Allah ne kaɗai zai biya ki. Ga wannan, mun sallame ki."

Ku ji fa, mu a makaranta in hedimasta ya raba albashi cewa muke an sallame mu. Bakina ya saba, ban ji komai a ciki ba.

Inna ta daɗe tana duban kwallar. Ta ɗaga takalmin, ta juya shi, ta mayar. Ta ce, "To. Madalla. Allah ya saka da alheri." Ni kuwa na tashi ina fara'a, har na je na ce wa maigida murna ta hana ta magana.

Da safe kukan yarinya ya tashe ni. Na leƙa ɗakin Inna, an share shi tas, an naɗe tabarma an jingine. Ba ita ba ƙunshinta. Na fita da zane a hannu wajen maƙwabciyata mai ƙosai, ta dube ni sama da ƙasa.

"Au, ke ce da tambaya? Ta bi motar asuba tana share hawaye. Ta ce kun sallame ta."

"Ni? Ƙari fa na yi mata!"

Ta tafa hannu. "Oh ni jikar mutum huɗu! 'Yar boko, kin haɗa wa tsohuwa tufa da kwano, kin ce kin sallame ta, har da takalmi. Ai hanya kika nuna mata."

Na ce to me ya hana ta tambaya? Ta ce, "Bafulatana? Ta tambaye ki dalilin korarta? Ai gara ta mutu."

Na koma gida na dama fura, yarinya ta ture. Na goya ta, ta banƙare. Inna, Inna kawai take kira har muryarta ta dushe. Maigida bai ce "ai na faɗa miki" ba, amma yadda yake goge babur yana fito ya fi faɗar zafi. Muka hau mu uku. Daga Batsari muka kama hanyar Ruma, rairayi na kayar da mu muna tashi, ni ina ta addu'ar kada mu tarar ta wuce daji wajen wasu dangin.

A rugar ƙaninta muka same ta, zaune gindin kirya, kwallar na gefenta ko murfin ba ta sake buɗewa ba. Da ta hango mu sai ta juya baya. Yarinya ta zame daga jikina ta ruga ta haye bayan, ta yi lamo. Kuka ya tsaya cak.

Bayan an gama gaisuwa Inna ta ce, ba ta dube ni ba, "Ɗiyata, me na yi miki?"

Nan fa na fashe da kuka, ina bayani ina haɗawa da rantsuwa. Ƙaninta ya saurara har ƙarshe, sai ya dafe sanda ya dinga dariya. Ya ce, "Ashe a boko in an ce tafi, zauna ake nufi? Malam, kar ka sa 'ya'yana a makarantar nan."

Inna ma ta kasa riƙewa, ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Da ta natsu ta ce, "In ƙari kuke so ku yi mini, ku bar takardar kuɗin nan. Ku ba ni abin da ke haihuwa."

Tun daga nan ƙarin Inna ya zama tunkiya. Duk kaka maigida ya sayo, a kai rugar ƙaninta, babu jawabi. Ni dai an hana ni buɗe baki.

Inna ta raini duk 'ya'yana. Ranar da za a kai waccan yarinya ɗakin miji, ta sa aka koro karsana daga Ruma, wadda tumakin nan suka saya. Sannan ta fito tana dogara sanda, ɗauke da tsohuwar kwallar. Ta buɗe a gaban mata, sai ga takalmin roba, bai taɓa taka ƙasa ba. Ta ajiye a gaban amarya, ta kalle ni ta gefen ido.

Ta ce, "Wannan kam na tafiya ne. Je ki, na sallame ki."

Ɗaki ya kaure da dariya da guɗa, amarya ta ƙanƙame ta ta ƙi saki.

Har yau in zan biya mai aiki ba na furta kalmar nan. Cewa nake, "Ga na goro, sai gobe da safe." Kuma sai na ji an amsa da "Allah ya kai mu" hankalina ke kwanciya.