Mai Hoton da Bai Bi Iyalinsa Ba

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya. Farin ƙyalle a bango, kujera marar jingina, fitilu biyu masu lema, sai madubi da tsohon mataji don wanda ya shigo kai a hargitse. Shekara ashirin da biyu yana nan, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Hoto. Tun da wayoyi suka cika gari aka daina kiransa wajen taro, aikin ya koma hoton fasfo da na katin shaida.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, unguwa na kiranta Sista. 'Ya'ya biyu suka haifa, duka da ciwon sikila. Babban ya rasu yana ɗan shekara tara, ana ta yawon neman jinin da za a ƙara masa. Saura Auta. Sai kuma Yaya, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu. Ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance a ɗakin tsakiya. Shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, domin in wani ya miƙo cokali sai ta kau da kai.

Ana haka wani asibiti a ƙasar waje ya ɗauki Sista aiki. Takardar ta ce miji da 'ya za su iya bin ta cikin wata goma sha biyu. Babu gurbin yayar miji.

Da safe, Auta ta tafi makaranta, Sista ta ajiye takardar kusa da kofin shayinsa.

"Baban Auta, can ba a neman jini a waya. Yarinyar nan sau huɗu ta kwanta asibiti bana."

"Na sani."

"To me kake tunani?"

"In na je me zan yi? Wa zai zo wajena hoto? Sai dai in zauna ina miki wanke-wanke."

"Nan ma kana yi, ba ka iya ba ne kawai."

Ya ɗan murmusa, sannan ya dubi ƙofar ɗakin tsakiya. Ita ma ta duba.

Sati uku yana juya maganar. In ya tuna yadda Auta ke cije leɓe idan ƙashinta ya fara ciwo, sai ya ji gobe ma ta yi nisa. In ya shiga ya tarar da Yaya ta zuba wa ƙofa ido tana jiransa, sai ya ji ba inda za shi. Mai magani ya ce masa, "Ka samo mai kula da ita mana, ai ba kai kaɗai Allah ya ba hannu ba." Ya samo wata dattijuwa, mai haƙuri da tsafta. Kwana biyu Yaya ba ta buɗe baki ta karɓi abinci ba.

Ashe duk tana jin abin da ake yi. Ran nan yana goge mata fuska ta tattaro harshenta mai nauyi ta ce, "Ka tafi." Amma hannunta mai lafiya yana riƙe da gefen rigarsa, kuma ba ta saki ba har barci ya ɗauke ta.

Shawarar da aka tsayar ba ta yi wa kowa daɗi ba: Sista da Auta su yi gaba, shi ya biyo in Yaya ta saba da dattijuwar. Da hannunsa ya ɗauki hotunansu na fasfo. Na Auta sai da ya sake sau biyar, idonta na cikowa.

Yaya ba ta saba ba. Wata goma sha biyu suka cika yana nan da cokali a hannu. A na goma sha huɗu ta rasu, da hantsi, yana yanke mata farce.

Bayan zaman makoki ya sake neman izinin tafiya. Aka ce dokar ta canza, sai an bi sabon layi. Ya bi, aka hana shi. Ya sake bi, aka sake hana shi, da takarda mai layi uku wadda mai magani ya karanta masa har sau biyu bai gane laifinsa ba.

Yau shekara huɗu ke nan da tafiyarsu. Auta ta yi ƙiba, sau ɗaya ta kwanta tun zuwansu, kuma duk wanda ya tambaye shi wannan yake fara faɗa masa. Ranar Lahadi suke waya. Tana gaishe shi da ladabi, amma in labari ya yi daɗi sai ta zarce da yaren can, uwar na fassara masa daga gefe, kafin a gama dariyar ta huce.

Ya saki babban gidan ya kama ɗaki da falo kusa da shago. Bara Sista ta ce za su zo hutu, ya sa aka yi fenti, ya sayo katifa. Sai aka sauya mata sashe a asibiti, hutun ya koma baɗi. Katifar na jingine a bango, bai cire ledarta ba.